Amsar Wasiƙa: Lodin Baburan Ƙanƙara

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya ga hoton a-kori-kura a Kanada ɗauke da babura biyu masu gudu kan dusar ƙanƙara, ya ce yaya aka yi?

To malam, kowanne tsawonsa wajen mita 3 ne, nauyi kilo 200 zuwa 300, alhali bodi mafi tsawo bai wuce mita 2.5 ba. Mai guda ɗaya yakan sauke ƙofar baya, ya ɗaure shi tamau. Mai biyu kuwa dandamalin ƙarfe yake kafawa bisa bodi. Amma fa nauyi ya koma sama, a kwana mota na iya kifewa. Shi ya sa yakan fara duba iyakar lodin da aka rubuta gefen ƙofar direba. Kai ma mai tula buhunan masara, a kula. Allah Ya kiyaye hanya.