LACCAR WATA: ƘARAMIN BUTUTUN DA AKE SA WA A IDO DON RAGE HAWAN JININ IDO

An shirya wannan lacca domin malaman yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibai a azuzuwa, maza da mata, sa'an nan a tattauna a kanta. Wanda ya ji, ya kai wa wanda bai zo ba.



Ido shi ne jarin mai koyon karatu. Mutumin da ya shekara biyu yana zuwa aji har ya iya haɗa baƙi, idan ya rasa ganinsa, ya yi babbar asara. Laccar wannan wata a kan wani ciwo ne da ke cinye gani a ɓoye, da kuma wani sabon aiki da likitoci suka ƙago don tare shi. Ciwon shi ne wanda ake kira hawan jinin ido, likitoci kuma suna ce masa gilakoma.

YADDA CIWON YAKE

Ko da yake ana ce masa hawan jini, ruwa ne yake taruwa. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai wanda ido yake yi dare da rana don ciyar da kansa. Wannan ruwa daban yake da hawaye, domin ba ya fitowa waje. Yana tsiyayewa ne ta wata 'yar rariya da ke gefen baƙin ido, daga nan ya faɗa wata siririyar magudana da ta kewaye baƙin idon kamar zobe, sa'an nan ya shige cikin jini. Wani masani Bajamushe mai suna Friedrich Schlemm ne ya bayyana wannan magudana a 1830, shi ya sa har yau likitoci ke kiran ta da sunansa.

Duk mai gida ya san abin da ke faruwa idan rariyar tsakar gida ta toshe da damina. Ruwa zai kwanta, ya riƙa cin gindin katanga. Haka yake a ido. Idan rariyar ta cushe, ruwa zai taru, idon ya ɗau nauyi, nauyin ya riƙa danne jijiyar gani da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Likitoci suna da na'urar auna wannan nauyi. Ga yawancin masu lafiya awon yana tsakanin 10 da 21.

Mugun halin ciwon shi ne, irinsa da ya fi yawa a ƙasar nan ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Daga gefe yake fara cin gani. Mutum zai riƙa tuntuɓe, ko babur ya zo ta gefensa bai gani ba, alhali yana iya karanta takarda sarai. Kafin ya farga, sai ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta farfaɗowa. A nan ya bambanta da yanar ido, wadda ake cirewa mutum ya koma gani.

YAWANSA A NIJERIYA

An yi babban binciken makanta a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, a kan mutane masu shekara 40 zuwa sama. An samu cewa kimanin mutum 5 cikin 100 suna da wannan ciwo. Fiye da 9 cikin 10 na masu shi ba su san suna da shi ba, kuma kusan 1 cikin 5 ya riga ya makance. Bayan yanar ido, shi ne na biyu wajen makantar da mutane. Baƙar fata sun fi kamuwa da shi, kuma yakan kama su da wuri. Yana kuma bin dangi.

MAGUNGUNAN DA AKA SABA DA SU

Duk maganin wannan ciwo manufarsa ɗaya ce, wato rage nauyin ruwan. Na farko shi ne maganin ɗigawa, kamar timolol da latanoprost. Yana aiki, amma har ƙarshen rayuwa ake sa shi kullum, kuma manomi da yawa kan daina idan kuɗi suka yanke ko kemis ya yi nisa. Na biyu shi ne gasa rariyar da hasken leza don ta buɗe. A wani gwaji da aka yi a Tanzaniya aka buga sakamakonsa a 2021, bayan shekara ɗaya leza ta yi nasara a ido 61 cikin 100, timolol kuwa 31. Na uku shi ne babbar tiyata da aka fara tun 1968, inda likita ke huda wa ruwan sabuwar hanya a farin ido. Ita ce ta fi sauke nauyi sosai, amma tana bukatar a riƙa komawa asibiti a kai a kai bayan aiki.

SABON AIKIN SA BUTUTU

Dabarar sabon aikin ita ce a gyara tsohuwar hanyar da Allah ya halitta. Kamar yadda ake sa kwalbati a ƙarƙashin titi don ruwa ya wuce, haka likita ke cusa ɗan mitsitsin bututu ya ratsa rariyar da ta toshe, ruwa ya zarce kai tsaye cikin magudana.

Akwai iri biyu da suka fi shahara. Na ɗaya sunansa iStent, an yi shi da wani ƙarfe marar tsatsa da ake kira titaniyam. Na farkonsa tsawon milimita 1 ne, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2012. Wanda ya biyo baya a 2018 bai kai ko rabin milimita ba, kamar ƙwayar rairayi yake, kuma biyu ake sa wa ido ɗaya. Na biyu sunansa Hydrus, tsawonsa milimita 8, kusan kamar gashin ido. Shi kwantar da shi ake yi a cikin magudanar, ya tokare kashi ɗaya cikin huɗu na zoben don kada ya manne. An amince da shi a Amurka a 2018.

Galibi ana haɗa aikin ne da cire yanar ido, ta ƙofa ɗaya. Ana kashe zafin idon, mutum yana farke. Likita zai ɗora wani madubi na musamman a kan idon don ya hango rariyar, ya sa bututun cikin 'yan mintoci. Yawanci ranar ake komawa gida. Mutum ba ya jin bututun, ba a kuma ganin sa daga waje.

A wani gwaji da aka yi wa ido 556, an raba marasa lafiya biyu. Wasu an cire musu yana kawai, wasu an haɗa musu da Hydrus. Bayan shekara 5, kashi 66 cikin 100 na masu bututu ba sa bukatar maganin ɗigawa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 46.

IYAKARSA

Wannan ci gaba ne, amma kowane allazi da nasa amanu. Bututun yakan toshe, wani lokaci jini kaɗan ya fita a cikin idon, ko nauyin ya tashi a kwanakin farko. Akwai ma wani iri mai suna CyPass, wanda ake sa wa a wani wuri daban a ido, da aka janye daga kasuwa a 2018 saboda an ga yana lahanta gilashin gaban ido. Haka kuma daga ƙasashen waje ake sayo bututun, yana da tsada ƙwarai, kuma ba kowane likitan ido ne ya koyi sa shi ba.

Babbar iyakarsa ita ce, an yi shi ne musamman don wanda ciwonsa bai yi nisa ba. Ba ya iya sauke nauyin ido ƙasa sosai, domin ruwan cikin jijiyoyin jini yake zuba, su ma kuwa da nasu nauyin. Wanda ciwo ya ci rabin ganinsa ko fiye, sau da yawa tsohuwar tiyata ce ta fi masa. Wanda ya makance kuwa, babu bututun da zai dawo masa da gani. Saboda haka mutumin da ya jira sai ya daina gane fuskar jikansa, ko da kuɗin suna aljihunsa, ya makara.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna nauyin idonsa, a kuma duba jijiyar gani, ko da ba ya jin komai. Wanda uwarsa, ko ubansa, ko ɗan'uwansa ya makance ba a san dalili ba, ya je tun kafin haka. Mai ciwon sukari da wanda ya taɓa buguwa a ido su ma kada su yi sake. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa.

A guji sayen maganin ɗigawa a kasuwa don ƙaiƙayi ko jan ido, domin wasunsu suna ta da nauyin ido. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina don ya ga ba ya jin zafi. Idan azumi ya zo, ya tambayi likita yadda zai tsara lokutan ɗigawa. Mai asma kuwa ya faɗa wa likita kafin a ba shi timolol.

A nan ilimin da aka samu a aji zai yi amfani. Ɗalibi zai iya karanta sunan maganinsa, ya rubuta awon idonsa da ranar komawa asibiti a bayan littafinsa, ya kuma yi wa iyayensa da maƙwabtansa haka. Allah ya kare mana ganinmu, amin.