Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya A Hashimi

 

Maganarmu yau a kan ajin manya ce da muke son buɗewa a nan Hashimi: karatu da rubutu, tsara labari, ɗinki, saƙa da ginin tukwane. Wasu sun ce mana, "Mu da furfura, ina mu ina allo?" To, jama'a, mu dubi garin nan da muke zaune. A nan Bature Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane, tun ana kiran garin Abuja. Ladi Kwali ta shiga a 1954, tana babbar mace, ta riga ta ƙware a ginin hannu, amma ta zauna ta koyi na inji. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Yau hotonta na kan Naira 20.

Abin da ke damunmu shi ne, tsofaffinmu na tafiya da tarihin zuwanmu Suleja, ba wanda ya rubuta. In muka yi sake, jikokinmu ba za su san inda muka fito ba. Saboda haka kowa ya ba sakatare sunansa, mai sana'a kuma ya zo ya koyar.

Allah ya ba mu sa'a, amin.