Giwa Ta Kusa Zama Labari: Jawabi Ga Matasan Tondikandiya



Wani zai ce, mu da ke fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, ina ruwanmu da giwa? To ku saurara.

Giwayen da suka rage a Nijar suna jaharmu ta Tilaberi, a gandun dajin W, can wajen Say da Tapowa. Tun 1996 UNESCO ta sa dajin cikin kayan gadon duniya. Yau 'yan bindiga sun shige shi, masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, ma'aikatan gandun daji ba sa iya zagaya shi kamar da. Inda babu mai tsaro, mafarauci ke sarauta.

Duk don haure ake wannan kisa. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Sin ma ta rufe kasuwarta a ƙarshen 2017, amma fataucin ɓoye bai tsaya ba. Ƙidayar da aka fitar a 2016 ta nuna giwayen dajin Afirka sun ragu da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014. Ita kuwa giwa wata 22 take goyon ciki, ta haifi ɗa guda. Abin da bindiga ta kwashe a dare ɗaya, sai an yi shekaru ba a mayar ba.

Kuma wa ke cin riba? Talakan da ya nuna hanya 'yan kuɗi kaɗan ake ba shi, in an kama kuma shi ke shan kurkuku. Babban dillali yana birni, hankalinsa kwance.

Kada ku ce an makara. Raƙuman dawa na Kure, a wannan dallol namu, sun ragu har saura 49 a 1996. Da mutanen ƙauyuka suka tsaya musu, yau sun haura 600.

Don haka, kai direba da kai mai kabu-kabu, kada ka ɗauki kayan da aka hana ka buɗewa. Mu kuma mu matsa wa hukuma ta yi aiki da dokar farauta ta 1998 a kan manyan dillalai, ta ba ma'aikatan daji kayan aiki, ta biya manomin da giwa ta ɓata wa gona, don kada haushi ya mayar da shi abokin mafarauci.

Allah ya ba mu zaman lafiya.