Don Me Waya Take Mance Mai Ita?

Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban da suka fito daga ƙauyukan arewacin Jihar Kano, ana jajiberin tafiya hutu.



 Batun da muka zo da shi, in an dube shi sama-sama, ƙarami ne ƙwarai, har wani ya ce bai isa a tara mutane dominsa ba. Batun kuwa shi ne: me ya sa mutum zai shiga wani shafi na intanet, ya sa sunansa da kalmar sirrinsa, ya fara aiki, amma da ya ɗan juya baya sai shafin ya mance shi, ya ce ya sake daga farko? Sai dai duk wanda ya fito daga ƙasar Ɗambatta, ko Makoɗa, ko Bichi, ko Tsanyawa, ko Minjibir, ya san wannan ƙaramin abu yakan cinye kuɗin datar da aka sayar da kwanon wake aka saya, yakan kuma sa yaro ya rasa rajistar da ya shekara yana jira.

Dalilin da ya sa abin ya shafe mu shi ne, a da in wasiƙa ta zo ƙauye, ɗan makaranta ake nema ya karanta ya kuma rubuta amsa. Yau wasiƙar ta koma cikin waya, amma ɗan makarantar bai canja ba, mu ne. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015, kuma daga 2021 ba a yin rajistarta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. A watan Mayu na 2024 aka buɗe shafin neman rancen karatu na NELFUND. Haka nan yayyenmu ma'aikata, ta waya suke duba albashi da asusun fansho. Gobe in mun sauka gida, ƙannenmu da iyayenmu za su miƙo mana waya su ce, “Duba mana, ta ƙi.” Ya kamata mu san abin da za mu duba.

Bari mu fara da misalin da kowa ya sani. Wanda ya je kasuwar Ɗambatta ran Lahadi da keke ko babur, yakan kai shi wurin mai gadi. Mai gadin nan ba zai iya riƙe fuskokin ɗaruruwan mutane ba, saboda haka sai ya ɗaura lamba a jikin abin hawan, ya ba mai shi 'yar'uwarta ya sa a aljihu. Da yamma ba fuska yake tambaya ba, lamba yake tambaya. To, haka shafin intanet yake. Babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, bisa asalin tsarinta, ba ta tuna wanda ya yi mata magana daƙiƙa ɗaya da ta wuce. Don a warware wannan ne wani injiniya mai suna Lou Montulli, na kamfanin Netscape a Amurka, ya fito da wata dabara a 1994. Idan mutum ya sa kalmar sirrinsa daidai, sai shafin ya ba burauzarsa, wato manhajar da yake buɗe shafuka da ita, wani ɗan guntun rubutu wanda yawanci bai wuce kilobayit 4 ba. Duk lokacin da burauzar ta koma shafin sai ta nuna shi, a ce mata ta wuce. Wannan guntun rubutu shi ake kira kuki, jam'insa kukis. Ba shi da dangantaka da miyar kuka, ko da yake ɓatansa yakan sa mutum kuka.

Abubuwa biyu za mu riƙe daga wannan misali. Na farko, lambar tana aljihunmu ne, ba a hannun mai gadi ba, don haka in ta ɓata, aljihu za a fara lalubawa. Na biyu, lambobin iri biyu ne: akwai ta yini ɗaya, wadda aka yi ta don ta mutu da an tashi daga aiki, akwai kuma mai wa'adi, wadda aka rubuta mata ranar da za ta daina aiki. Ko mai wa'adin ma ba ta har abada ba ce, domin tun 2022 burauzar Chrome ba ta yarda wa'adin kuki ya wuce kwana 400.

Saboda haka, in an miƙo mana waya, tambaya ta farko ita ce: duk shafuka ne suke mance mai wayar, ko kuwa shafi ɗaya ne tak? Wannan tambaya ita ce rabin magani. In duka ne, aljihunmu ne ya huje. In ɗaya ne, to, mai yiwuwa maganar tana wurin mai gadi.

Mu ɗauki na farko, wato a ce duk shafuka ne. Abin da za a fara dubawa shi ne ko mutumin yana aiki a yanayin ɓuya, wanda Chrome take kira Incognito. An yi wannan yanayi ne musamman don ya zubar da kukis da zarar an rufe shi, kuma mutane da yawa suna faɗawa cikinsa ba su sani ba. Alamarsa baƙin fage da hoton hula da tabarau.

Na biyu, a duba ko da burauza ɗaya yake shiga kullum. Wayoyin da ke hannun mutanenmu sukan zo da burauza biyu ko uku, kuma kowace da aljihunta. Wanda ya shiga shafi jiya da Chrome, yau kuma ya buɗe shi da Opera Mini, tamkar wanda ya bar lamba ne a aljihun wata riga ya sa wata. Haka nan wanda ya taɓa adireshin shafi daga cikin Facebook, sau da yawa wata 'yar burauza ce ta cikin Facebook ɗin take buɗe masa, wadda ba ta san abin da ya ajiye a waje ba. Maganin wannan shi ne a zaɓi burauza ɗaya don muhimman ayyuka, a tsaya a kanta.

Na uku, a shiga saitin burauzar a ga ko an hana shafuka ajiye bayani, ko kuma an ce a share komai duk lokacin da aka rufe ta. Wannan ya fi yawa a kwamfuta, musamman ta ofis wadda hannu da yawa ke taɓawa. Kwamfutocin wasu shagunan rajista ma an shirya su ne su koma yadda suke da zarar an kashe an kunna, kuma wannan ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi.

Na huɗu, kuma shi ya fi addabar ƙauyukanmu, shi ne shara. Ƙananan wayoyi ba su da wurin ajiya mai yawa, hotuna da wa'azi da finafinai sukan cika su. In waya ta ce ta cika, sai a kai wa wani mai ɗan sani ya rage mata kaya. A nan akwai maɓalli biyu kusa da juna. Ɗaya yana share tarkacen wucin gadi ne kawai, ba ya taɓa kukis. Ɗayan kuwa yana share dukan bayanan manhajar, ya mai da ita kamar yau aka sa ta. Manomi ya san bambancin share ƙaiƙayi da zubar da iri. Wanda ya danna na biyun, iri ya zubar.

Na biyar, a dubi agogo da kwanan watan wayar. A wurin da wuta ba ta samuwa sai a shagon mai caji, waya takan mutu murus, wata kuma a cire mata batir, ta tashi da kwanan watan da ba shi ba. In ta koma baya da shekaru, shafuka masu tsaro sukan ƙi buɗewa sam. In kuwa wajen gyarawa aka yi kuskure aka tura ta gaba, burauza sai ta ɗauka wa'adin kukis ɗin da ke ajiye ya cika, ta watsar da su. A saita waya ta riƙa karɓar lokaci daga kamfanin layi da kanta, shi ke nan.

Yanzu mu koma ga na biyu, wato a ce shafi ɗaya ne kaɗai yake mantuwa. Da farko mu sani ba kowace mantuwa ce cuta ba. Bankuna da gangan suke fitar da mutum in ya yi 'yan mintoci bai taɓa komai ba, kuma don amfaninsa ne. Wasu shafukan kuma suna da ɗan akwati a ƙarƙashin wurin sa kalmar sirri, wanda ke tambaya ko a tuna da mutum. In bai sa alama a ciki ba, lambar yini ɗaya za a ba shi. Har ila yau, akwai shafukan da ke lura da hanyar da mutum ya shigo. A ƙauyen da sabis yake zuwa yana ɗaukewa, mukan juya daga wannan layi zuwa wancan a tsakiyar aiki, sai shafin ya ga kamar wani ne dabam, ya rufe ƙofa. Don haka, kafin a fara cika takarda mai tsawo, a nemi inda sabis ya zauna, a tsaya a layi ɗaya har a gama.

Daɗin daɗawa, akwai batun tsimin data. Opera Mini, idan an sa ta a matsanancin tsimi, ba kai tsaye take zuwa shafi ba. Kwamfutocin kamfaninta ne suke karɓo shafin, su matse shi, sannan su aiko. Wannan yana da kyau wajen karanta labarai, amma shafin rajista ko na biyan kuɗi yakan rikice a wannan hanya. A kashe tsimin, ko a koma wata burauzar, har a kammala. In duk an yi wannan bai yi ba, to, a share kukis na wannan shafin shi kaɗai, a sake shiga, don wani lokaci tsohuwar lamba ce ta lalace take hana sabuwa zama.

Jama'a, a nan muke so a ba mu hankali sosai. Maganin da aka fi saurin bayarwa a bakin kasuwa shi ne, “Goge komai.” Wannan shi ne mafi haɗari. Mutanenmu da yawa ba su suka buɗe adireshin imel ɗinsu ba, a shago aka buɗe musu, aka rubuta kalmar sirri a guntuwar takarda, takardar kuma ta daɗe da ɓata. Abin da ya rage yana riƙe da su a ciki shi ne abin nan da ke ajiye a waya. Ranar da aka goge shi, an rufe su a waje ke nan, alhali ta wannan imel ne makaranta za ta aiko da saƙo. Saboda haka, kada mu goge komai a wayar kowa sai mun tabbata ya san kalmar sirrinsa, kuma layin da za a aiko masa da lambar tabbatarwa yana hannunsa yana aiki. Wannan bincike a yi shi tun farkon hutu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran magana ɗaya, ita ce bayan misalin namu. Mun ce mai gadi lamba yake tambaya ba fuska ba. Ashe ke nan duk wanda ya tsinci lambar, shi ne mai babur. Ƙasarmu ƙasa ce mai cikar jama'a, gona na jikin gona, gida na jikin gida, kuma waya ɗaya takan bi hannu biyar kafin dare: ta kwana wurin mai caji, yara su karɓa, maƙwabci ya ara. Wanda ya shiga asusunsa a wayar aro ko a kwamfutar shago ya tashi bai fita ba, ya bar lambarsa a kan benci. Wanda ya zauna bayansa ba ya bukatar kalmar sirri. A irin wannan wuri mantuwa rahama ce, kuma yanayin ɓuyan nan da muka zarga ɗazu shi ne abokin tafiya. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: a wayarka, gyara ta ta tuna, a wayar wani, tabbata ta mance.

Haka kuma ba kowane kuki ne yake yi mana aiki ba. Akwai waɗanda kamfanonin talla suke liƙa wa mutum don su bi sawunsa daga shafi zuwa shafi. Saboda su ne dokokin Tarayyar Turai suka tilasta wa shafuka neman izini, shi ya sa muke ganin tambayar nan tana tare mana fuska. Burauzar Safari ta toshe irin waɗannan gaba ɗaya tun 2020. A nan gida ma, a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Don haka in shafi ya ba mu zaɓi, muna iya ƙin na talla mu karɓi na dole, shigarmu ba za ta lalace ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, in mun je gida kada mu tsaya ga karɓar waya mu gyara mu miƙa. Mu zaunar da ƙanenmu ko ƙanwarmu su ga abin da muka taɓa da dalilin taɓa shi, domin hutu zai ƙare mu dawo makaranta, su kuwa suna can da wayar. Iyayenmu sun sayar da gero da gyaɗa sun kawo mu nan. Kaɗan daga cikin hakkinsu a kanmu shi ne kada rashin sanin ɗan ƙaramin abu irin wannan ya tare wa na bayanmu hanya.

 Allah ya kai mu gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.