ZAUREN MANOMA DON TSARE ƘASA DA ITATUWA
Jawabin malamin gona ga manoman Janbako da kewaye

  Maganar da na zo da ita yau ta shafi cibiyar da ake so mu kafa a nan Janbako domin wayar da kai game da muhalli. Muhalli shi ne ƙasar da muke nomawa, da ruwan da muke sha, da itatuwa da makiyaya. Don sauƙi, bari mu kira cibiyar Zauren Manoma. Zauren mai gari ko inuwar babbar itaciya ya ishe mu farawa. Abin da zai raya shi shi ne taro a kan lokaci, da dokar da muka yi da bakinmu, da aikin da ido zai gani a gona.

ME YA SA MUKE BUKATARSA?

An gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. Ta kawo mana noman rani na shinkafa da kayan lambu a ƙasashen Maradun, Talata Mafara da Bakura. Amma lokacin da aka baje filayen aikin an tumɓuke itatuwa masu yawa, kuma dattawa ba su manta da rikicin diyya na 1980 ba. Darasin a fili yake: aikin da aka kawo wa mutane ba tare da shawararsu ba, wuya gare shi.

Ku dubi gonakinmu na tudu yau. Iskar farkon damina tana binne shuka da rairayi, sai an sake shuka sau biyu ko uku. Ruwa yana kwashe ƙasar sama ya bar tsandauri. Takin zamani ya yi tsada. Itacen girki ya yi nisa, kuma kowa ya san shiga daji a ƙasar nan yanzu sayar da rai ne. Saboda haka aikin farko na zauren shi ne mu maido da itatuwa cikin gonakinmu, kusa da gida.

ABIN DA MUTANEN MARAƊI SUKA YI

'Yan'uwanmu na jihar Maraɗi a Nijar sun shiga halin da ya fi namu tsanani bayan farin 1973. An yi ta rabon dashe, yawanci yana mutuwa saboda ƙishi da awaki. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an rage tohon aka bar masu ƙarfi, sai su tashi da sauri, domin tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga laima. Manoman can suka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

A yunwar 1984 an riƙa ba da abinci ga wanda ya bar itatuwa a gonarsa. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Bayan shekara 20 aka ƙiyasta cewa itatuwa kamar miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram.

To, me ya hana ɓarayin itace lalata aikin? A garin Ɗan Saga mutane suka kafa kwamiti, da maza da mata da makiyaya a ciki. Suna zagaya gonaki, wanda aka kama ya sari itacen wani a ci shi tara. Irin wannan kwamiti nake nufi da zaure.

YADDA AKE SASSABEN ZAMANI

Lokacinsa shi ne lokacin sharar gona, watan Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya sauka.

1. Ka zagaya gonarka ka ga kututturen da suka yi toho: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, marke, ƙirya.
2. Ka zaɓi waɗanda za ka bari. A fara da tazarar taku 20 tsakanin itace da itace. Wannan zai ba ka kamar 16 a eka ɗaya, wato 40 a hekta.
3. A kowane kututture ka bar toho 3 zuwa 5, masu ƙarfi kuma miƙaƙƙu. Ka yanke sauran.
4. Ka sasshe rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawon tohon. Kada ka wuce rabi, iska za ta karya shi.
5. Adda ta kasance mai kaifi. A yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage.
6. Ka ɗaura tsumma a jikin wanda ka bari, domin ɗan ƙodago da mai wucewa su san yana da mai shi.
7. Ka koma bayan wata 3 ko 4 ka rage sabon toho. Kowace shekara ka iya yanke toho ɗaya ka kai gida, ka bar wani ya maye gurbinsa.

Kada a yi toyi. Wuta tana kashe tohon, tana ƙone ganyen da zai zama taki. Ganye da ƙananan rassan da ka yanke ka baza su a kan tsandauri. Suna tare ƙurar da iska ke ɗauka, gara kuma ta huda ƙasa ruwa ya shiga.

TAMBAYOYIN DA MANOMA KE YI

Inuwa ba za ta kashe hatsi ba? Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. Ba ya tare wa gero rana, kuma kowa ya ga yadda gero ke yin kyau a gindinsa. 'Ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Sauran itatuwa kuwa a riƙa sasshe su kafin shuka.

Tsuntsaye fa? Jan-baki daga nesa yake zuwa, a fadama da ciyayin bakin ruwa yake kwana. Gonar da ba ta da itace ko ɗaya ba ta tsira daga gare shi ba.

In na reni itace, malamin daji zai bar ni in amfana? Tambaya ce mai nauyi. A Nijar sai da Gwamnati ta fitar da doka a 2020 wadda ta tabbatar wa manomi itacen da ya rena a gonarsa. Mu a nan, wajibi ne shugabannin zaure su zauna da uban ƙasa da malamin daji na ƙaramar hukuma tun kafin a fara. A yi yarjejeniya a rubuce, a karanta wa kowa.

A lura: wannan dabara ta gonar tudu ce. Kada a bar itace a bakin kanal, saiwa tana fasa siminti. A fakon shinkafa ma ba a bari.

YADDA ZA A KAFA ZAUREN

1. A zaɓi mutum 10 ko 12. A sa sarkin noma, wakilin mai gari, liman, wakilin makiyaya, matasa, da mata aƙalla uku. Mata ne suka san itacen da ya ƙare da wanda ya rage. In ba a sa makiyaya ba, ranar da aka yi ɓarna babu wanda zai sasanta.
2. A tsayar da ranar taro sau ɗaya a wata, bayan la'asar, ranar da ba kasuwa.
3. A yi doka gajera: ba a sarar itace mai alama, ba a sa wa gona wuta, ba a sassabe gawo don dabbobi sai da izinin mai gona. A faɗi tara a gaban kowa, kuma a ci ɗan mai gari kamar yadda za a ci ɗan talaka.
4. A sami littafi. A rubuta da boko ko ajami sunan manomi, yawan itatuwan da ya bari, da damin da ya samu. Bayan shekara uku littafin ne zai raba gardama.
5. A ware gonar gwaji a bakin hanya. A raba ta biyu, rabi sassaben zamani, rabi yadda aka saba. Iri ɗaya, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya. Gani ya kori ji.
6. Kowa ya ba da tiya ɗaya ta hatsi da kaka don sayen littafi, adda da igiya. Kada mu jira kuɗin wani. Kun ji abin da ya faru a Maraɗi da rabon abinci ya ƙare.

SAURAN AYYUKAN ZAURE

In aikin itace ya kama ƙasa, sai a ƙara da waɗannan. A haɗa kai da ƙungiyar masu amfani da ruwa wajen yashe kanal da cire ciyawa kafin noman rani. A hana wanke famfon feshi a kanal, domin mutane da dabbobi suna sha daga ƙasa. Robar maganin feshi a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin famfo, a huda ta. Kada a zuba mai ko ruwan sha a ciki. A kuma tuna wa jama'a gubar dalma ta 2010 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gida. Duk wanda ya je haƙa kada ya kawo dutsen gida.

Zamfara tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a Najeriya. Garin da yake da zaure da littafi ya fi saurin samun dashe da horo idan ya nema.

ABIN YI A MAKON NAN

Kowane magidanci ya je gonarsa ya ƙirga kututturen da ke da rai. Ya kawo lissafin taro mai zuwa. A ranar za mu zaɓi shugabanni, sannan mu tafi gonar gwaji da addunanmu, in nuna muku yadda ake sarar, kowa ya gwada da hannunsa. Mai tambaya ya same ni ta hannun sarkin noma.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya.