Addini, Hukuma da Ƙungiyoyin Samari: Misali daga Ƙasar Karaye da Rogo

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne dangantakar addini da ƙungiyoyin horar da samari, watau irin su 'yan sikawut da 'yan agaji, da kuma inda ya kamata hannun hukuma ya tsaya cikin wannan sha'ani. Na zaɓi in kafa misalaina da ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, saboda dalilai biyu. Na farko, a Kusalla ta ƙasar Karaye ne sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake. Na biyu, ko da yake Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, akwai ƙauyukan da asalinsu na Maguzawa ne, waɗanda waɗansunsu suka musulunta, waɗansu kuma suka shiga Kiristanci. Dukkansu Hausawa ne, kasuwarsu ɗaya, makarantar 'ya'yansu ɗaya.

Asalin Al'amarin

Tsara samari ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa gari yana da sarkin samari, wanda yakan tara sa'o'insa a fita gayya, ko gyaran hanya, ko yashe rijiya. Abin da Turawa suka kawo sabo shi ne kaki da usur da fareti da alkawarin da yaro yakan ɗauka ran da ya shiga ƙungiya.

Waɗannan ƙungiyoyi kuwa da addini aka haife su. A shekarar 1883 William Smith, wani malamin makarantar Lahadi a birnin Gilasgo, ya kafa Boys' Brigade domin ya riƙe yaran coci da horo irin na soja. A shekarar 1907 Baden-Powell ya yi zangon sikawut na farko a tsibirin Brownsea, kuma wajibin yaro ga Ubangijinsa shi ne abu na farko cikin alkawarin da ya tsara. Sikawut ta iso Nijeriya a 1915, ta bi makarantun boko. Don haka zargin da iyayenmu suka yi wa boko, cewa ƙofa ce ta mishan, ya shafe ta ita ma.

Daga baya Musulmi suka lura da cewa kaki da fareti ba su da addini, wanda ya ɗauke su shi suke yi wa aiki. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, da Fityanul Islam a Kano a 1963, da Izala a Jos a 1978, kuma kowacce tana da rundunar 'yan agajinta. Su ne ake gani suna daidaita sahu ran Idi, suna tsare ƙofa wajen tafsirin watan azumi ko taron Maulidi, suna taimakon alhazai a sansani, suna ɗaukar wanda ya yi haɗari zuwa asibiti. Duk wanda ya san wannan aiki ya san ba kuɗi ne yake fito da saurayi cikin rana ba, neman lada ne. Wanda ya ce a cire addini daga cikinsa, to, ya ce a cire ginshiƙin ɗaki ne a bar jinka.

Abin da Doka ta Ce

Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1979, wanda aka maimaita cikin na 1999, ya hana Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini ya zama addinin hukuma. Sai a lura, gwamnati aka yi wa wannan hani, ba a yi wa samari ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa shi kaɗai ko cikin jama'a, sa'an nan ya hana a tilasta wa ɗalibi shiga ibadar addinin da ba nasa ba. Sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan.

A nan ne aka sami taƙaddama a Kano. Bayan ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, samari 'yan sa kai suka fito da sunan Hisba, sa'an nan a 2003 gwamnatin jiha ta yi mata doka, ta mai da ita hukuma mai albashi. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta ce wannan kafa 'yan sanda ne ta bayan gida, har aka kama shugabanninta. Kano ta kai ƙara Kotun Ƙoli, amma a 2007 kotun ta ce ba hurumin ta ba ne ta fara sauraren irin wannan ƙara. Abin da ya kamata mu ɗauka a nan shi ne, da zarar kaki ya tashi daga hannun ƙungiya ya koma hannun hukuma, hukuncinsa ya sake, domin yanzu kuɗin kowa ne yake ɗinka shi.

Ba mu kaɗai ne muka sha wannan kai-komo ba. A Amurka, inda sikawut take sharɗanta imani da Ubangiji, ma'aikatar tsaro ta yarda a 2004, bayan an kai ta ƙara, cewa barikokin soja za su daina ɗaukar nauyin rundunonin sikawut kai tsaye. A Faransa, wadda ta raba coci da hukuma tun 1905, Katolika da Furotesta da Yahudawa da Musulmi da waɗanda ba ruwansu da addini kowa yana da ƙungiyarsa, suna haɗuwa ƙarƙashin inuwa ɗaya. Babu inda aka kori addini, iyaka dai aka shata.

Darasin Kusalla

Mu komo gida. Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, bayan yaƙin basasa, domin 'ya'yan ƙasa su san juna. A sansanin Kusalla ɗan Inugu da ɗan Ibadan da ɗan Yola sukan yi mako uku cikin kaki iri ɗaya, suna fareti a fili ɗaya. Musulminsu suna da ƙungiyarsu, Kiristocinsu suna da tasu, kowa yana ibadarsa a lokacinta, amma filin fareti na kowa ne. Wannan tsari shi nake ganin ya dace da makarantunmu.

Ku ɗauki, alal misali, wata makarantar gwamnati a wani ƙauyen Rogo, inda yara arba'in Musulmi ne, uku Kiristoci. In malami ya kafa sikawut ya mai da ita reshen ƙungiyarsa ta addini, yaran nan uku sun fita ke nan, ko da ba a kore su da baki ba. Kai, har cikin arba'in ɗin ma ba a tsira ba, domin ɗan gidan ɗariƙa ba zai shiga rundunar da ya ga ta Izala ce ba, haka nan ɗan gidan Izala. Irin wannan ciwo shi ne yaron Musulmi yakan ji a garin da Musulmi suke 'yan kaɗan, in aka mai da fareti ya zama na coci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koya tun yana ɗan shekara goma cewa tutar makaranta ba tasa ba ce, da wuya a shawo kansa yana ɗan talatin.

Kammalawa

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko, ƙungiyoyin addini su ci gaba da horar da samarinsu a masallatai da coci-coci da makarantunsu, da kuɗin mabiyansu, kada hukuma ta hana su, kada kuma ta fifita wata a kan wata. Ta biyu, rundunar da take cikin makarantar gwamnati ta zama ta kowane yaro, kowa ya ɗauki alkawari bisa addininsa. Ta uku, a koya wa kowane ɗan agaji cewa kakinsa na hidima ne, bai ba shi ikon duka ko hukunci ba. Wanda ya ga laifi ya kai ga hukuma.

Tun 2024 Karaye da Rogo suke ƙarƙashin masarauta ɗaya mai daraja ta biyu. Hakimai da dagatai da masu unguwanni sun san kowane gida, sun san ɗan wa ya shiga, ɗan wa aka bari a waje. In suka zauna da shugabannin makarantu da na ƙungiyoyi aka tsai da waɗannan iyakoki, ba sai an jira wata kotu a Abuja ba.

 Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya.