Jawabi a kan dalilin da almajiri ke ba kansa in ya kasa

 Ya ku malamai da almajirai, ku sani almajirai biyu sukan kasa kawo hadda rana ɗaya gaban malami ɗaya, sa'an nan hanyarsu ta rabu saboda abin da kowane ya gaya wa zuciyarsa. Na fari ya ce, "Ni ba ni da kai," ko kuwa, "Sammu aka yi mini." Na biyu ya ce, "Jiya ban yi tishi ba." Na fari ya ɗora abin a kan sababin da ba shi da ikon sakewa, don haka sai ya jingine allo. Na biyu ya ambaci abin da ke hannunsa, da asuba za a same shi yana maimaitawa.

An jarraba wannan a ƙasar Amurka. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 1975, wata malama, Carol Dweck, ta ɗauki yara 12 waɗanda kan karaya da zarar lissafi ya gagare su, ta raba su biyu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su abin da za su iya kaɗai. Ɗaya kashin aka bar su su kasa wani lokaci, a ce musu ƙoƙarinsu ne ya gaza. Daga baya da aka sake kawo mai wuya, na farko suka karaya kamar da, na biyu kuwa suka dage.

To, ya kai malam, kiyayi harshenka. In ka ce wa yaro daƙiƙi, ka ba shi hujjar barin karatu, kuma zai riƙe ta har girmansa. Tambaye shi sau nawa ya maimaita, da wane lokaci, sa'an nan ka rage masa tsawon darasi in ya yi masa yawa. In ya kawo daidai, yaba masa naci, domin ya san inda nasarar ta fito.

Kai kuma almajiri, ƙaddara gaskiya ce, amma manomi ba ya barin shuka don ya yi imani da ita. Riƙi sababi, sa'an nan ka dogara ga Allah.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.